Goron Saude a Takaba

Saude ba ta taɓa zama an ƙarasa magana da ita ba. Duk Gangara an san haka, ita ma ba ta musu. Kina tsakiyar ba ta labarin ciwon uwarki sai ta miƙe, ta gyara zane, ta fara kewaya ki kamar wadda ta yar da allura. In kin yi shiru ta ce, "Ci gaba, ina jinki. Ba da ɗuwawu nika saurare ba." Ta yi wa surukanta haka, ta yi wa matar maigari, ta yi wa wani mai wa'azi da ya zo daga Isa har ya manta inda ya tsaya. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba. A ganinta ƙafafunta ne ya kamata su ba da haƙurin, su kuwa ba su da baki.

Abin da ke damunta ba shi da suna a garin. Ba ciwo ba ne irin na sanyin ƙashi, ba kuma ƙaiƙayi ba ne da za a sosa a huta. Ita dai cewa take kamar an zuba mata kiyashi a cikin ɓargon ƙwauri, suna hawa suna sauka. Da safe lafiya lau take. Da rana ta karkata, in ta zauna ko ta kishingiɗa, sai su taso, kuma ba abin da ke kwantar da su sai ta tashi ta taka ƙasa. Tana tafiya sun ɓace, tana zama sun dawo. Uwarta ma da haka ta yi fama har ta koma ga Allah, sai dai ita mai kunya ce, in abin ya taso mata a cikin mutane takan ce za ta duba akuya. Saude ba ta ga dalilin ɗora wa akuya laifi ba.

An yi mata abin da ake yi. Wanzami ya yi mata ƙaho a sharaɓa, an sha rubutu, an shafa man shanu da jar kanwa. Wata tsohuwa a Gatawa ta ce iska ce ta shige ta ta tafin ƙafa, ta karɓi kaza. Kazar ce kaɗai ta bar gidan.

Allah ya haɗa ta da Lawwali, manomin gero da dawa, mutum mai sanyin hali wanda zai zauna gindin bishiyar bedi tun azahar har magariba yana tufkar igiya bai gyara zama ba. Mutane suka ce auren ba zai kai damina biyu ba. Auren ya haura shekara talatin. Lawwali ne kaɗai mahaluƙin da bai taɓa ce mata ta zauna ba. In suna hira bayan la'asar, shi yana kan buzu, ita tana kai da kawowa tsakanin rumbu da madafa, sai ya riƙa ɗaga murya idan ta yi nisa, ya sassauta idan ta matso, bai ko ɗago kai daga igiyarsa ba. Da ya gane shurin da take yi cikin barci ba na faɗa ba ne, sai ya sa aka ɗaura mata gadon kara nata daban, ya ce shi ma ƙwaurinsa amana ne a wurinsa.

Tsokana ɗaya yake mata, ya kuma yi ta shekara da shekaru.

"Ni dai roƙona Allah shi sa ki riga ni. In ni na riga ki, wa za shi yi min takaba? Ƙahwahun ga naki, ko sadakar ukku ba a yi ba sun kai ki Shinkahi."

Ita kuma ta ce, "Mutu ka gani."

Tun da ba ta iya zaman kaɗi ko saƙar faifai kamar sauran mata, gari ya samo mata aikin da ya dace da ita. A lokacin ba katin gayyata, ba waya. In za a yi biki ko suna, sai a zuba goro a ƙwarya, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗora wa Saude. Ta bi gida gida ta raba, ta faɗi rana, ta wuce Gatawa, wani lokaci har rugagen da ke wajen Burkusuma, duk a ƙasa. Ba ta taɓa manta gida ba, ba ta kuma taɓa daɗewa a gidan kowa har a yi gulma da ita ba. Ladanta goro ne. Saboda haka tun daga kalaci har kwanciya akwai ɓari a kuncinta, haƙoranta jawur. Ta yi imani goron ne ke riƙe da ita, da ba don shi ba da kiyashin sun cinye ta.

A farin 1973 ruwa ya ɗauke gero na ɗauke da ciki. Saude ta yi abin da uwaye suka yi a shekarar: ta tura wa 'ya'ya rabonta, ita ta tauna goro, don goro na kashe yunwa. Ƙafafunta suka yi tsanani yadda ba su taɓa yi ba, ta kuma tsiri wani kwaɗayin farar ƙasa, har bangon ɗaki take ɓantara ta jefa a baki. Da damina ta gyaru, fura da nono suka dawo, aka ci wake, sai abin ya koma yadda ya saba. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ita cewa ta yi kiyashin ma yunwa suka ji.

A 1984 aka sake yin fari. Gero ya bushe a tsaye, maza suka kama hanyar cin rani tun kafin lokacinsa. Lawwali bai je ba, ya ce ya tsufa da kwanan tasha. Zazzaɓi da tari suka kama shi bayan kakar da ba a yi ba, bai daɗe yana jinya ba ya cika. Saude tana da shekara hamsin ko kusa.

Malamai sun ce mai takaba na iya fita da rana idan larura ta kama. Gangara ba ta aiki da wannan sauƙin, Saude ma ba ta neme shi ba. Tun ranar da aka kai shi ta ce ba za ta ƙetare dokin ƙofar zaure ba sai ta gama. Mutumin ya yi shekara talatin bai hana ta tafiya ba, ita ma za ta iya yi masa wata huɗu da 'yan kwanaki a cikin gida. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta kallon juna. Wata ta faɗa a hankali, amma ba a hankalin da za a kasa ji ba, cewa in Saude ta kai sati ita za ta ci zanenta.

Sai ga Kadijatu ta iso da tabarmarta da butarta. Yayar Lawwali ce, ta binne maza biyu, ta yi takaba biyu, tun daga nan ta naɗa kanta alƙaliyar takabar garin. Ba a gayyace ta ba, ba a kuma isa a ce ta koma ba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin Saude ta zauna kamar an dasa ta.

A shekarar arziki masu gaisuwa da tsaba suke zuwa, ko damin gero. A wannan shekara ba mai abin da zai ɗebo daga rumbu, ba kuma mai son shigowa hannu sake. Kowa sai ya kawo goro, ɗaya ko biyu, ya ajiye a gefen tabarma. Ƙwarya ta cika. Abinci kuwa kunun dussa ne da tafasa, ranar sa'a garin kwaki. Saude ta zauna tun safe har yamma tana amsa "ya haƙuri", karo na farko a rayuwarta da ta tilasta wa kanta zama, tana tura goro ɗaya bayan ɗaya. In la'asar ta yi sai kiyashin su zo da rundunarsu. Ta mintsini cinya, ta zauna kan dugadugai, ta ɗora ɗan dutsen niƙa a kan ƙwauri a ƙarƙashin zane. Baƙi na fita ta zabura ta kewaya rumbu kamar jakin da aka kwance. Tsakar gidan kuwa ba faɗi gare ta ba, kuma daga nan tana jin takun mutane a kan hanya.

Wata safiya Kadijatu ta ƙura mata ido.

"Buɗe bakinki."

"Mi za ki gani, Yaya? Haƙora na, irin na kowa."

"Irin na amarya dai. Ƙanena ko ƙasar kabarinai ba ta kwanta ba, ke kin yi jan baki kamar mai zuwa dandali."

"Goro na hwa, ba hure ba."

"Ja dai ja na. Mai takaba ba ta kwalli, ba ta lalle, ba ta turare, ba ta jan baki. Ni sau biyu na yi, ba a koya min."

"Ke ai tun takabar hwari ba ki da haƙoran da za su yi ja."

Kadijatu ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar goron ta tura bayanta. Da wata rana ce da Saude ta fizge abinta, don tsohuwar ba ta fi ƙarfin tsintsiya ba. Amma maganar ta shige ta. Mata kan goga furen taba a haƙora bayan goro don su yi ja, kowa ya san wannan ado ne. In har jan goro shi ma ado ne, to tana zaune a gida tana ɓata wa Lawwali takabarsa, duk azabar da take sha ta tashi a banza. Ta kira autanta Maliki, wanda shi kaɗai ya rage a gida cikin 'ya'yanta maza, ta ce ya je ya tambayo Malam Jibrilla limamin unguwa. Maliki ya dawo ya ce malam ya tafi Isa wajen 'yan'uwansa neman hatsi, ba a san ranar dawowarsa ba. Akwai wasu malaman a gari, amma Kadijatu ta ce ita ba ta karɓar fatawar yaran da aka haifa a gabanta.

Haka Saude ta bar goro, ba don lafiya ba, ba don wani ya ce yana cutar da ita ba, sai don kada bakinta ya yi kyau.

Kwanakin farko kanta ya yi kamar zai tsage. Ta yi ta hamma, ta zagi kaji, ta zagi Maliki, ta ce wa wata mai gaisuwa ta taƙaita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Kadijatu. Tsohuwar tana da wani murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, da shi take goga goro ta zuba garin a baki. Kullum sai ta ɗauko daga ƙwaryar Saude ta goga a gabanta, ta ce ita ta gama tata takabar tun tuni, kuma zunubi ne a bar goro ya bushe.

Ana cikin haka Inno ta zo. Bafillata ce daga rugar da ke hanyar Burkusuma, ƙawar Saude ta kan hanya. Sun yi shekaru suna haɗuwa a turba, ɗaya da ƙwaryar nono, ɗaya da ƙwaryar goro, suna tafiya suna musu. A shekarar shanunsu faɗuwa suke yi. Wadda ta kasa tashi sai mijinta Ibrahima ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, naman kuma ba mai saye, don kowa nasa dabbobin yake yankawa. Inno ta sauke ƙwaryar da a da take cika da nono, ta buɗe: hanta ce da busasshen nama. Ta yi gaisuwa yadda ake yi. Tana cikin yi ta ga hannun Saude ya tafi bango ya ɓantaro ƙasa.

"Ƙawa, gidan za ki cinye?"

"Gidana na. In na so in cinye har zaure."

"Mu saniya in ta hwara lasar ƙasa mun san jikinta ya rasa wani abu, sai a kora ta inda za ta samu. Ke wa za shi kora ki, ga ki ɗaure? Ja ido in gani." Ta ja fatar idon Saude ƙasa da yatsa. "Hwari tas kamar nono. Ba ki da jini. Ungo, ci."

"Ta wace ce?"

"Wadda uwata tab ba ni ranar aure. Jiya taf faɗi. Ci, kada ki yi min kuka, ni ban yi ba."

Kadijatu ta leƙa ƙwaryar, ta duba dokokinta kaf ba ta sami inda aka ce hanta ado ce ba, sai ta matso da tabarmarta.

Daga ranar, duk sa'ad da wata ta faɗi a rugar, Inno sai ta biyo da rabon Saude. Ba abin murna ba ne, don kowace ƙwarya saniya ce ta tafi, su duka sun san haka. Amma an ci. A tsakiyar yunwar da ta kori rabin gari, gidan mamaci ne ke ƙamshin gashi.

An fi wata guda a haka, sai wata mata ta zo daga Gatawa, wadda aka sani da dogon zance. Ta fara daga ciwon bayanta, ta bi ta kan rijiyarsu da ta ƙafe, ta shiga rigimar gadon mijin ƙanwarta. Har ta kai ƙarshe, abin da ba ta taɓa samu ba a wurin Saude. Sai ta tsaya ta dube ta a tsorace.

"Saude, lahiya kike?"

Sai a lokacin Saude ta lura rana ta yi sanyi, tana zaune, ɗan dutsen niƙa yana can inda aka ajiye shi. Kiyashin ba su tafi ba. Suna nan, amma 'yan kaɗan, sun makara, kuma kewaya rumbu kaɗan ya ishe su. Ta kuma lura ta kwana biyu ba ta taɓa bango ba.

Nan musu ya tashi. Kadijatu ta ce goro ne, ita ta hana, ga albarkar jin maganar manya. Inno ta ce hanta ce, shanunta ne suka mutu don ƙafafun Bagobira su huta. Kowace ta riƙe nata, in sun haɗu a tsakar gida sai an raba.

Yau likitoci sun san wannan ciwo, sun ba shi suna. Sun ce yakan bi jini daga uwa ko uba, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda ake samu a hanta da nama, na tsananta shi, shi ya sa yake matsa wa masu ciki da waɗanda ba su samun abinci mai kyau. Kwaɗayin cin ƙasa ma sau da yawa daga nan yake. Game da abin da ke cikin goro mai hana barci, wanda shi ne dai a shayi da gahawa, sun ce yana tayar wa wasu da ciwon, musamman da yamma, wasu kuma ba ya yi musu komai. Wato tsofaffin nan biyu kowace ta kama wani gefe. Kadijatu kanta ta shekara sittin tana cin goro, barcinta kuwa sai an taɓa ta a ji ko tana numfashi. Saude ta rayu har jikokinta suka yi aure, ba ta taɓa jin sunan ciwon ba, ba ta kuma rasa komai da rashin jin ba.

Malam Jibrilla ya dawo daga Isa da rabin buhun dawa. Maliki ya je ya tambaya, ya dawo yana danne dariya. Malam ya ce goro abin ci ne, ba ado ba. Fure ne ake gogawa don kwalliya, shi mai takaba za ta bari. Ya ce kuma a gaida Kadijatu, a ce mata ta rage wa addini kaya.

Kadijatu ta turo wa Saude ƙwaryar goron. Ƙwaryar ta yi sauƙi ƙwarai, amma akwai saura. Saude ta zaɓi manya, farare, ta zauna daidai gaban tsohuwar bayan la'asar, ta ɓare, ta tauna da ƙara, ta ci wani, ta ƙara wani.

"Yaya, duba min bakina. Ya yi ja?"

"Allah shi shirye ki."

Kafin a kira magariba kiyashin suka iso, da 'ya'yansu da baƙinsu. Ta yi sallah da ƙyar, ta sallame ta miƙe. Ta kewaya rumbu, ta kewaya madafa, ta dawo, ta sake. Bai yi ba. Ta saba da sauƙin kwanakin nan, sai abin ya zo mata kamar sabo. Tsakar gidan ta matse ta. A waje ana dawowa daga masallaci, tana jin takalma a kan rairayi, ga hanyar Gatawa a miƙe wadda ta san kowane kalgo da ke bakinta. Ba ta san sa'ad da ta shiga zaure ba. Ta ga dai hannunta a kan asabarin ƙofa, iskar waje na taɓa mata ƙafa.

Ta ji sandar Kadijatu a bayanta. Ta jira a ce mata ta koma ta zauna, ta shirya amsa. Tsohuwar ba ta faɗi haka ba.

"Ni dai ina ji yana ce miki Shinkahi za ki kai. In kin tahi ki sayo min gishiri."

Saude ta tsaya, ƙafa ɗaya na taka ɗaya.

"Nac ce mishi shi mutu shi gani."

"To ya mutu. Saura gani."

Saude ta saki asabarin. Ta juyo ta wuce tsohuwar ta koma tsakar gida, ta ci gaba da kewaya rumbu. A zagaye na gaba sai ta ji sanda na bin ta. Kadijatu ce, tana ɗingishi tana mita: ita da tsufanta an mai da ita jakin niƙa, ƙanenta ya auro masifa ya tafi ya bar ta da ita, wannan rumbu ma ba komai cikinsa balle a ce gadi ake yi. Ba ta daina mitar ba, ba ta kuma zauna ba, har aka kira isha'i abin ya lafa.

Saude ba ta yarda da magana don an faɗa, ko da ƙafarta ce ta faɗa. Ta gwada. Ta ci ɓari da safe, yamma ta zo da sauƙi. Ta ci bayan la'asar, ta sha wuya. Ta sake don ta tabbata, ta sake shan wuya. Akwai kuma ranakun da ba ta ci ko kaɗan ba, kiyashin suka zo abinsu, don ba goro ne ya haife su ba. Ta gane iyakar abin: goro ba shi ne ciwon ba, amma goron yamma kiransu yake yi. Ta gane wani abu kuma da bai yi mata daɗi ba. In dai goro na ɗakinta, la'asar na yi hannunta zai tafi, ko ta yi rantsuwa da safe. Sai ta mayar wa Kadijatu ƙwaryar, ta ce ta ajiye mata. Kadijatu ta karɓa kamar an ba ta sarauta.

Shanun su Inno suka ƙare sai 'yan tsiraru, Ibrahima ya kaɗa su kudu, Inno ta zo ta yi sallama a tsaye ta tafi. Nama ya yanke. Maliki ya riƙa samo wake kaɗan da zogale da yakuwa daga masu lambu a bakin gulbi. Ƙafafun suka ɗan ƙara motsi, amma ba su koma irin na farkon takaba ba. Da yamma matan unguwa suka saba ganin abu ɗaya in sun shigo: mai takaba a gaba, yayar miji a baya da sanda, suna kewaya rumbu suna faɗa. Mai son gaisuwa sai ta bi sahu.

Ranar fita Saude ta yi wanka, ta sa sabon zane da 'yarta ta aiko daga Sabon Birni, aka yi sadaka da abin da ya samu. Mata suka cika gida. Saude ta nemo wadda ta ce za ta ci zanenta, ta tambaye ta ko a kawo mata ruwa ta kora. Aka yi dariya har da masu hawaye. Sannan aka kawo mata abin da aka haɗa: matan unguwa sun tara goro cike da ƙwarya, sabo, mai kyau, don sun san ba abin da ta fi so.

Ta ɗauki ƙwaryar ta ɗora a kai, ta ratsa zaure, ta ƙetare dokin ƙofa. Ta tsaya a kan hanya ta duba gabas ta duba yamma, ta ga garin ya rage mutane, bedin Lawwali na nan. Kadijatu ta fito bayanta da tabarma a naɗe da buta, za ta koma gidanta can ƙarshen gari. Saude ta bi ta. Suka tafi tare, ɗaya na rage sauri, ɗaya na ƙorafin ana jan ta. A ƙofar gidan tsohuwar Saude ta sauke ƙwaryar ta ajiye mata a gaba.

"Mi za ni yi da shi?"

"Ki aje. Kullum da sahe za ni zo ki ba ni ɓari guda. In kin gan ni bayan azahar, kada ki ba ni. Ko na roƙe ki, ko na zage ki, ko na ce baƙi ni yi, ƙarya nika yi."

"Duk garin ga ba ki ga kowa ba sai ni?"

"Duk garin ga ke ɗai ta ba ki jin kunyar hana mutum abinai. Ki goga naki ciki, na yahe. Amma Yaya, don Allah ki riƙa bar min hwararen."